Sabo Ake Wa Kuka: Shin Tsohon Jirgi Yana da Haƙƙin Bankwana?

A wasu ƙasashen duniya akwai wata al'ada wadda idan aka ba Bahaushe labarinta zai fara da dariya, sa'an nan in ya nutsu ya yi shiru. Idan jirgin ƙasa ya tsufa, musamman irin mai aiki da lantarkin nan da ke jigilar ma'aikata tsakanin unguwannin bayan gari da tsakiyar birni safe da yamma, kuma hukumar da ta mallake shi ta yanke shawarar ajiye shi, ba a janye shi a ɓoye. Akan sa rana, a yi shela, a buga tikiti na musamman, sau da yawa kuma a miƙa abin da aka tara ga wata gidauniyar taimakon jama'a. Ranar da aka sa, sai a wanke jirgin tas, wani lokaci har a mayar masa da fentin da ya fito da shi daga masana'anta, a rataya masa allo a goshi, ya bi hanyoyin da ya saba bi karo na ƙarshe. Tsofaffin direbobinsa sukan zo, masu ɗaukar hoto su cika gadoji da tashoshi, wasu ma su naɗi ƙarar injinsa da ƙarar rufe ƙofofinsa. Kashegari sai a kai tarago ɗaya ko biyu gidan tarihi, saura kuwa a miƙa su ga masu yanka ƙarfe.

Misalai suna da yawa. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ƙirar 1938 sun yi shekara hamsin suna aiki a birnin, daga baya aka ƙetare da wasu zuwa tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, inda suka ci gaba da ɗaukar fasinja har watan Janairu na 2021, wato sun haura shekara tamanin a bakin aiki. A birnin New York na Amurka, taragun da ake kira R32 sun fara aiki a 1964, aka yi musu zagayen bankwana a ƙarshen 2021 da farkon 2022, jama'a na ta turereniya don su shiga. A Japan kuwa abin ya kai har an laƙaba wa masu wannan ɗabi'a suna, ana ce musu masu jana'izar jirgi, kuma sunan yana ɗauke da ɗan habaici, wanda za mu dawo kansa nan gaba.

Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce: me ake yi a irin wannan taro? Wasan waɗanda suka ƙoshi ne, da suka rasa abin yi da lokacinsu da kuɗinsu, ko kuwa akwai wani haƙƙi na gaskiya da ake saukewa? Ƙarfe dai ba ya ji, ba ya gani, bai san an gode masa ba. Hausa ma kanta ta rabu biyu a kan wannan magana. A gefe guda tana cewa sabo turken wawa, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ɗaya gefen tana cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake wa. Wanda duk ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya bai yi wa harshen adalci ba.

Mu a Jos ba mu da jirgin lantarki da za mu yi wa bankwana. Abin mamaki ma shi ne, lantarki ya riga zuwa wannan tudu kafin mafi yawan garuruwan ƙasar nan, domin tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra. Amma an kawo wutar ne don injinan haƙar kuza, ba don ɗaukar mutane ba. Jirgin fasinja mai lantarki bai fara jigila a Nijeriya ba sai a 2023, a Legas, tsakanin Marina da Mile 2, tazarar kilomita 13. Duk da haka muna da abin da ya fi dacewa da wannan tambaya, wato jirgin da aka san ranar da ya daina aiki.

Kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun daɗe suna narka kuza suna fitar da ita siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Ganin wannan haja ne ya sa kamfanin Neja ya bi sawunta, har mutanensa suka kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarni na ashirin, wurin da a yau ɗalibai ke kai da kawo da littattafai a hammata. A shekarun farko a ka ake ɗaukar kuza. 'Yan alaro ne ke sauka da ita daga kan tudu, tafiyar kwanaki masu yawa, zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Da dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, sai masu kamfanonin kuza suka matsa wa gwamnati lamba a jawo musu reshe. Aka shimfiɗa ɗan siririn dogo mai faɗin inci 30, alhali babban layi faɗinsa inci 42 ne, don a rage kuɗin aiki a kuma samu sauƙin hawan duwatsu. Ya kai Rahama a 1912, kafin ƙarshen 1914 ya hau tudu ya ratsa Jos ya kai Bukuru, tsawonsa mil 143. Turawa suka sa masa sunan Bauci, ko da yake bai taɓa taka garin Bauci ba. Dalili shi ne a wancan lokaci tudun nan yana cikin Lardin Bauci, ba a ƙirƙiro Lardin Filato ba sai 1926. Saboda bambancin faɗin nan, duk buhun kuza da ya isa Zariya sai an sauke shi an sake loda shi a babban jirgi, kuma a kan wuyan ɗan dako wannan aiki ya ƙare.

Ƙaramin jirgin bai daɗe yana sarauta ba. A 1927 babban layi ya iso Jos daga Kafancan, ya haɗa tudun da Inugu da Fatakwal, kuza ta samu gajeriyar hanya zuwa teku, kwal kuma ya samu hanyar hawowa. Daga nan ɗan jirgin Zariya ya zama kamar uwargidan da aka yi wa amarya: yana nan, ana gaishe shi, amma an san inda hankali ya koma. Ya ƙara shekara talatin yana jan fasinja da amfanin gona a hankali, manyan motoci suna cin kasuwarsa, har aka rufe shi ranar 30 ga Satumba, 1957, shekara uku da kwana ɗaya kafin ƙasar nan ta samu mulkin kai. Abin da aka tsirar daga kayansa yana ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952. Shekara guda bayan rufewar aka fara aikin layin Barno daga Kuru, wanda ya bi ta Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da abu guda, domin shi ne ginshiƙin maganarmu. Bankwana ba ya yiwuwa sai an san rana, rana kuwa ba ta samuwa sai wani ya tsaya ya ce, ni ne na yanke wannan shawara, ga dalilina, ga kuma abin da na tanada a madadinsa. Ke nan kafin zagayen bankwana ya zama sha'anin zuciya, sai da ya fara zama sha'anin gaskiya tsakanin hukuma da jama'a. Wanda ya sa ranar rufewa ya ba mutane damar su yi gardama da shi, su zage shi in sun ga dama, su kuma shirya wa abin da zai biyo baya. Mu kwatanta wannan da abin da ya sami manyan jiragen da suka riƙa haɗa Jos da Legas da Fatakwal da Maiduguri. Waɗannan ba a yi musu ritaya ba. Tun daga shekarun 1980 suka shiga raguwa, jirgin da ke zuwa a kan lokaci ya koma zuwa da lattin yini guda, na mako ya koma na wata, a farfaɗo da shi da ganga da jawabai, ya sake kwantawa ba tare da sanarwa ba. Fasinjan da ya sauka daga tafiyar ƙarshe bai san ta ƙarshe ba ce, direban ma haka. An sha yunƙurin tayar da jigila ta kusa tsakanin Jos da Bukuru da Kuru, kuma muna yi wa kowane irin wannan yunƙuri fatan alheri, amma wannan ba ya goge gaskiyar cewa wani zamani sukutum ya shuɗe babu wanda ya fito ya ce ya shuɗe. Halin ya yi kama da na matar da mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, ba saƙo, ba takarda. Ba ta da damar yin takaba, ba ta kuma da damar ɗaura wani aure. Mun fi ganin wannan a matsayin zalunci a kan rufewar 1957, duk da cewa waɗanda suka yi waccan 'yan mulkin mallaka ne, waɗanda suka yi wannan kuwa namu ne.

To, amma wannan ya nuna amfanin sa rana ne kawai. Bai amsa tambayar ko ya dace mutum mai hankali ya ji wani abu a ransa game da tarin ƙarfe ba. Ɗaliban adabi sun san cewa wannan ba baƙon abu ba ne. Tsofaffin ƙasidun Larabawa na zamanin jahiliyya, irin ta Imru'ul Ƙaisi, da tsayuwa a kufai suke buɗewa: mawaƙi ya ja linzami a inda masoya suka taɓa yada zango, ya dubi duwatsun murhu da sawun tantuna, ya yi kuka. Ba wanda ya taɓa zaton murhun yake so. Murhun shaida ne, shi kaɗai ya rage daga cikin waɗanda suka halarci abin da ya faru. Haka nan ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan jingina da wani kututturen dabino idan yana huɗuba a masallacinsa na Madina. Da aka sassaƙa masa mumbari ya koma kansa, sai aka ji kututturen yana nishi, shi kuwa ya sauko ya rarrashe shi har ya yi shiru. Wannan mu'ujiza ce, kuma Allah ya kiyashe mu da kwatanta ta da wani abu na masana'antar Turawa. Abin da muke ɗauka a ciki ladabi ne kawai: mumbarin ya fi kututturen dacewa da aikin, ba a kuma fasa amfani da shi ba, amma samun sabo bai zama hujjar juya wa tsoho baya kamar ba a taɓa saninsa ba.

Idan muka duba da kyau, jirgin ma'aikata ya fi kowane irin jirgi cancantar zama irin wannan shaida. Ba jirgin yawon buɗe ido ba ne da mutum zai shiga sau ɗaya ya yi ta ba da labari. Jirgi ne na kullum, na gyangyaɗin asuba da gajiyar magariba, wanda mutum zai shiga shekara talatin bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Rayuwar yawancin mutane kuwa a irin waɗannan sa'o'i take ƙarewa, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina. Ranar da aka ce za a yanka taragon, sai mutum ya farga cewa ɗakin da ya zauna a ciki na dubban sa'o'i ne za a rushe. Saboda haka wanda ya sayi tikitin bankwana kansa yake wa ta'aziyya, kuma ba mu ga aibin wannan ba.

Sai dai akwai wata hujja mai nauyi da za a iya kawo mana, kuma a Jos ta fi nauyi. Za a ce: wane ne zai yi kewar wannan jirgi, kuma me ya ɗauka? Ba don ziyarar dangi aka shimfiɗa dogon Zariya ba. An shimfiɗa shi ne don a kwashe arzikin ƙasa a kai Ingila, da gumin mutanen da aka tattaro ta hannun sarakuna da hakimai, ba duka da son ransu ba. Zuwansa ya zo daidai da mutuwar sana'ar maƙeran Liruwe. Gonakin Birom da na maƙwabtansu suka koma ramuka, ramukan suka cika da ruwa, ga su nan har yau daga Rayfield zuwa Barikin Ladi, suna cin yara da dabbobi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza a tsakiyar yaƙi, sai aka ɗora wa tudun nan nauyin cike giɓin. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna: En'e-En'e suka riƙa tara dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa ana turo su haƙar kuza dole. Mutanen da suka tashi a ƙasa mai zafi aka kawo su tudun da ya kai mita 1,200, cikin hunturu, ba isasshen abinci, ba bargo, ba ɗakin kirki, da yawa kuma ba su koma gida ba. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya. Ga wanda kakansa ya zo Jos ta wannan hanya, kukan jirgi ba waƙa ba ne.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. A watannin Satumba da Oktoba na 1966, lokacin da aka karkashe mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da Jos da Bukuru, a taragun jirgi waɗanda suka tsira suka cushe, suka bi ta Kafancan da Makurɗi suka tafi, 'yan Arewa mazauna Gabas kuma suka yiwo nan cikin irin wannan firgici. Layin da ya tara ƙabilu ya gina garin nan, shi ne ya kwashe su ranar da zama ya gagara. Duk wanda zai yi maganar zamanin jirgi kamar zamanin zuma da madara, to, ya zaɓi abin da zai tuna ne.

Mun yarda da wannan hujja gaba ɗayanta, amma muna ganin ta ƙara tabbatar da bukatar bankwana ne, ba ta rushe ta ba. Kuskuren yana wajen ɗaukar bankwana a matsayin kirari. Mu dubi yadda muke yi wa mamatanmu. Kafin a sallaci gawa, ko bayan an rufe ta, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya ce, duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, wanda kuma marigayi yake bi ya ji tsoron Allah ya kawo. Ba a cewa sai mutumin kirki za a yi wa wannan shela, hasali ma mai yawan ma'amala ya fi bukatarta. Jana'iza wurin rufe lissafi ce. Jirgin da ya ɗauki kuza da 'yan ɗiban gwamna da 'yan gudun hijira, shi ne kuma ya ɗauki ɗalibai zuwa makarantun Zariya, ya ɗauki dankali da kayan lambu zuwa kudu, ya kawo goro da manja, ya kawo kakannin mafi yawan waɗanda ke kiran kansu 'yan Jos a yau. Ana binsa, yana kuma bi. Da yake ba a taɓa zama an yi wannan shela ba, kowane ɓangare ya riƙe rabin lissafin da ya yi masa daɗi. Wani yana tuna cewa kakansa ne ya gina garin, wani yana tuna cewa gonar kakansa aka haƙe aka gina shi, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Mazaunin garin nan tun daga 2001 ba ya bukatar a gaya masa abin da rabin lissafi yake jawowa.

Yanzu mu koma ga habaicin mutanen Japan. Abin da suke zargin masu jana'izar jirgi da shi shi ne, ba a ganinsu sa'ad da jirgin yake da rai yana neman fasinja, sai ranar da aka ce ya mutu. Wannan zargi ya fi ƙarfin Japan. Mu ma mun san dangin da ba sa zuwa dubiya amma su ne a sahun gaba ranar sadakar uku. Akwai kuma wani haɗari da ya fi wannan, wato a so ƙarfe fiye da mutumin da ya sarrafa shi. Ana iya samun mai sha'awar da ya haddace lambar kowane kan jirgi da shekarar ƙirarsa, amma bai taɓa tambayar sunan mai zuba kwal a wuta ba, ko mai juya dogo a mahaɗa cikin dare, ko leburan da ke bin layi da guduma a ƙafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali tarihin dogo a ƙasar nan tarihin ma'aikata ne. Michael Imoudu, wanda ya ja ragamar babban yajin aikin 1945, ma'aikacin reluwe ne. Mahaƙa 21 da 'yan sanda suka harbe a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949, kwal ɗin da ke tafiyar da jirage suke haƙowa. Ba banza ba Sembene Usman, da ya tashi rubuta labarin dogon Dakar zuwa Bamako a littafinsa na 1960, ya gina shi a kan yajin aikin 1947 zuwa 1948, a kan mata da yara da yunwa, jirgin kansa kuwa ya bar shi a tsaye. A namu ɓangaren, Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru, da ya ɗauki kuntiginsa zai yi wa sufuri waƙa, karen mota ya duba, wato mafi ƙanƙanta a cikin ma'aikatan motar da ta kashe kasuwar jirgi. Mawaƙin ya san inda ya kamata ido ya sauka. Bankwanan da za a yi wa tarago a bar tsohon ma'aikacin reluwe yana jiran fanshonsa, wannan kam ya cancanci dariyar da Bahaushe ya fara yi.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafin shi ne inda tsofaffin jiragen suke ƙarewa. Jiragen InterCity 125 na Ingila, masu aiki da man dizal, sun fara jigila a 1976. A 2019 aka yi musu gagarumin bankwana a manyan layukan da suka yi suna a kansu. A 2023 kuma aka loda wasu daga cikinsu a jirgin ruwa aka kawo Legas don jigilar cikin gari. Wato abin da suka yi wa sallama, mu muka yi wa maraba. Wanda ya saba shiga kasuwar Katako ya zaɓi rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo ba zai ga abin kunya a nan ba, kuma mu ma ba mu gani ba. Abu mai sauran amfani a yi amfani da shi. Abin da kawai ya nuna shi ne, tsufa ba a jikin ƙarfe kaɗai yake ba, yana kuma cikin aljihun mai shi. Mai hali ne yake iya cewa abu ya tsufa tun yana tafiya da ƙafarsa. Mara hali sai abu ya faɗi a ƙarƙashinsa, shi ya sa bankwanansa yakan zo babu shiri.

Ta wannan fuska ce ya kamata a dubi masu kwance ƙarafan dogo suna sayar wa 'yan gwangwan, abin da ya addabi layukan Arewa a 'yan shekarun nan. Sata ce, ba mu da wani suna da za mu ba ta, kuma wanda ya cire ƙarfe a layin da jirgi zai iya bi ya ɗauki alhakin rayuka. Amma yaron da ya tashi yana ganin dogo a cikin ciyawa, bai taɓa ganin abin da ke binsa ba, ba a taɓa gaya masa ko a makaranta ko a gida wane ne ya shimfiɗa shi da abin da ya ci na rayuka ba, da wane ido ake so ya dube shi? A wurinsa kilo ne. Mu da muka bar abin ba rai ba mutuwa, mu muka fara mayar da shi kilo kafin shi ya kawo ma'auni. Hatta sunan Taminus, wanda kowa ke faɗa sau goma a yini, 'yan ƙalilan ne daga masu hawa Keke Napep zuwa can suke tuna cewa ma'anarsa ƙarshen layin jirgi.

Ba muna kira a shirya biki ba ne, domin jirgin da za a zagaya da shi ya riga ya tafi, kuma bikin da gwamnati za ta shirya mun san yadda zai ƙare, da rumfa da jawabai da rabon hula. Abin da ya rage a hannunmu, mu mutanen sashen harshe da adabi, shi ne ɓangaren shelar bashi. Kayan da ke gidan tarihi suna iya gaya wa mai ziyara faɗin dogo da irin injin da ya bi shi. Ba za su iya gaya masa nawa ne kuɗin tikiti daga Jengre zuwa Zariya ba, ko me mata ke sayarwa ta taga a Rahama da Dutsen Wai, ko waƙar da lebura ke yi in suna ɗaga ƙarfe, ko sunan da mutanen ƙauyukan hanya suke kiran jirgin da shi da Hausa da Birom da sauran harsunan da ya ratsa, ko abin da uwa take faɗa wa ɗanta ranar da dagaci ya rubuta sunansa a ɗiban gwamna. Waɗannan suna bakin mutane ne, a Jos da Bukuru da Kafancan da Tudun Wadan Zariya, kuma kowace shekara ɗalibanmu suna neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa, wasu har su koma kan abin da aka riga aka rubuta sau biyar. Yaron da yake da shekara goma ranar da ɗan jirgin Zariya ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, yau ya doshi tamanin. Wanda aka ɗiba zuwa ramin kuza a 1943 yana saurayi ɗan shekara goma sha takwas, in yana raye, ya cika ɗari.